Burodin da Ya Ƙi Kumbura

Khaula ta buɗe ƙofar fur ɗin gasa burodi ta zaro faranti na uku, ta tsaya tana kallon abin da ke kai. Burodi guda shida ta saka, kuma duk shidan sun fito a shafe, fari fat, kamar faifan da aka manta a rana. Ta ɗauki ɗaya ta lanƙwasa. Ya ce ƙas, ya rabe biyu.

"Ai wannan ma ba laifi," in ji Hansai, wadda ke zaune a bakin tabarma tana fifita da gefen mayafinta. "In aka tsoma shi a shayi zai ciyu."

"Ba na shayi ba ne, Inna Hansai."

"To na mene ne, Injiniya? Na jifan akuya?"

Matan da ke ƙarƙashin rumfar suka kwashe da dariya, ban da Khaula. Ta duba wayarta, ɗaya saura kwata. Kwanon rumfar ya ɗau zafin watan Afrilu yana sauke musu shi a ka, gumi ya jiƙa bayan rigarta har ta manne da fata, ga shi kwaɓin da ta yi da safe saura kashi ɗaya cikin huɗu.

Burodin da take son fitarwa shi ne wanda ake naɗe shawarma da shi, wanda mutanen Garwa ke kira burodin Labanan. Kayan haɗinsa ba su da yawa: fulawa, ruwa, yis, gishiri, ɗan sukari da ɗan mai. Amma dole ya kumbura a cikin wuta ya zama kamar ƙwallo, cikinsa ya rabu ya bar aljihu. In babu aljihu, ba shi ba ne. Ta koya a wurin wata 'yar Kuseri da suka zauna ɗaki ɗaya a jami'ar Maruwa, kuma ta yi shi ya fi sau talatin bai taɓa ba ta kunya ba. Masu shawarma na garin daga kudu ake aiko musu da shi a motar haya, ya kwana biyu a hanya ya iso a bushe. Hashim, mai shago biyu a Yelwa, ya gaya mata da bakinsa cewa ranar da ta kawo masa mai taushi, ranar zai daina jiran mota.

Amma yau ba Hashim ne a ranta ba. Fur ɗin ne.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan da wani shirin tallafa wa mata ya ba ƙungiyarsu ta unguwar Hausare wannan na'urar gasa burodi mai aiki da gas. Aka sauke ta a gidan shugabar ƙungiya, Hajiya Kaltumi, yayar mahaifin Khaula. Aka ce za a sa rana sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankin, ya zo ya yanke ƙyalle, a yi guɗa, a ɗauki hoto, sannan a fara aiki. Matan har anko suka ɗinka. Kafin ranar ta zo aka canja wa sufurefen wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce sai ya gama zagayen sanin ƙasa. Damina ta shigo ta fita, azumi ya zo ya wuce, wani azumin ya sake zuwa. Fur yana nan a rumfa lulluɓe da zanen gado, da shuɗiyar ledar kamfani manne a jikinsa, ana share masa ƙura duk Juma'a, kaza tana ƙwai a ƙarƙashinsa.

Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki, kuma wannan ne ke ƙona wa Khaula rai. A unguwar nan aka taɓa kulle sabon famfo da kwaɗo wata bakwai ana jiran babban mutum ya zo ya sha kofin farko, mata suna wucewa ta gabansa da jarkoki a ka zuwa rijiyar da ke sa yara gudawa. Kowa ya gani, kowa ya ce sai haƙuri. Mutanen da ba sa jiran kowa kafin su yi suna ko biki, su ne ke zama shekara biyu suna jiran almakashi.

Takardar da ta tayar da komai ta yi mako uku a jakar Hajiya Kaltumi, tsakanin goro da katin asibiti. Da Faransanci aka rubuta ta, da hatimi a ƙasa, don haka Hajiya ta ɗauka goron gayyatar bikin ne ya iso, ta adana ta da murna. Shekaranjiya ta miƙa wa Khaula ta karanta mata ranar. Abin da ke ciki shi ne: duk kayan da aka raba aka tarar ba a aiki da su za a kwashe a kai wa wata ƙungiya a garin Poli. Mai dubawa za ta zo ranar Alhamis da ƙarfe uku. Yau ce Alhamis ɗin.

"Ni da za a ji tawa," in ji Ni'imatullahi, sakatariyar ƙungiya, "a aiki mai moto ya garzaya da babur ɗinsa gidan burodi ya sayo mana ashirin, mu jera a faranti mu ɗan ɗumama. Matar ta zo ta ga burodi, ta taɓa fur ta ji zafi, shi ke nan. Haka kowa ke yi."

"Gobe kuma fa? Mu mayar da zanen gadon?"

"Gobe ta Allah ce."

"Jiya ma ta Allah ce, Anti Ni'ima, da shekaranjiya, har shekara biyu da wata huɗu! Ya ba mu fur, Ya ba mu hannu, ga masu saye suna jira. Mu kuma abin da muka iya shi ne mu sayo burodin wani mu yi wa mai takarda wasan kwaikwayo?"

"Iko sai Allah," in ji Hansai. "Huɗubar Juma'a tun ranar Alhamis."

Khaula ta juya musu baya don kada bakinta ya wuce gona da iri. Ta sake bin komai ɗaya bayan ɗaya. Yis ɗin ta gwada shi a kofi da safe, ya yi kumfa har ya zubo. Kwaɓin ya tashi yadda ya kamata. Murzawar da hannunta ta yi, kauri ɗaya ko'ina. Saura wuta. Wannan burodin wuta mai tsanani yake so, wadda za ta ƙame bayansa nan take ta mayar da ruwan cikinsa tururi, tururin ya hura shi. Maɓallin fur ɗin yana ƙarshe tun safe, amma allurar ma'aunin zafi ta tsaya a ɗari da sittin ta ƙi motsi. In zaman shekara biyu ne ya lalata na'urar, to sun yi asara biyu.

Ta tattara zanenta ta durƙusa, ta kwantar da kunci kusa da ƙasa ta leƙa ta ƙarƙashi. Harsunan wutar ƙanana ne, shuɗaye, kamar na fitilar da mai ya kusa ƙarewa. Ta bi tiyon gas ɗin da ido. Ya fito ta bayan fur, ya bi gindin bango, ya ɓace a ƙarƙashin zanen Hajiya Kaltumi, wadda tun hantsi take zaune a kujera 'yar tsugunno jikin tukunyar gas da maficin kaba a hannu.

Khaula ta miƙe a hankali.

"Goggo, ɗan matsa."

"Gwiwata ke ciwo."

"Ba gwiwar nake nema ba."

Hajiya Kaltumi ta ci gaba da fifita tana kallon katanga. Khaula ta zagaya ta bayanta ta kai hannu kan tukunyar. Makunnin a murɗe yake, saura ƙiris ya rufe gaba ɗaya. Da safe da hannunta ta buɗe shi har ƙarshe.

Har Hansai ta daina fifita.

"Goggo," in ji Khaula. "Faranti uku. Tun ƙarfe tara ina zargin yis, ina zargin fulawa, ina zargin kaina. Ashe kina nan zaune..."

"Ledar ce ta fara narkewa." Hajiya Kaltumi ta nuna da mafici. A gefen ƙofar fur ɗin, daga sama, shuɗiyar ledar ta tattare ta yi baƙi kamar faɗin tafin hannu. "Tun kunnawar farko na ji ƙauri. Na ce in aka bar wutar nan haka, kafin azahar duk jikinsa ya ƙone. Ke yarinya ce, ba ki nan ranar da aka sauke shi. Ni na dangwala yatsa a takarda. Mutumin ya dube ni ya ce, Hajiya, amana ce. Ranar da sufurefe zai zo, da wane ido zan nuna masa kaya a ƙone? A ce Kaltumi aka ba ajiya ta lalata?"

Maganganu da yawa suka taru a bakin Khaula, masu zafi, waɗanda ta daɗe tana tarawa. Ta dubi matar da ta goya ta lokacin da mahaifiyarta ke jinya, ta ga ba taurin kai ne a fuskarta ba, tsoro ne. Ta haɗiye su duka sai guda.

"Goggo, sufurefe ba zai zo ba. Mota ce za ta zo. Ƙarfe uku za su ɗora shi da ledarsa, sabo dal yadda kika adana shi, su bi hanyar Poli. Matan can su ne za su ɓare ledar."

Maficin ya tsaya.

"Matan Poli?"

"Su."

"Su ɓare ledar da na yi shekara biyu ina gogewa?"

Hajiya Kaltumi ta dafa tukunyar gas ta miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Ta rufe makunnin gaba ɗaya, ta ce a ba ta wuƙa. Ni'imatullahi ta miƙo mata ta yankan albasa. Ta tsaya gaban fur ɗin ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kamar mai shirin shiga hoto, ta sa tsinin wuƙar ta ɗago kusurwar ledar.

"Bismillahi," ta ce, ta ja.

Ledar ta taso da ƙara mai tsawo, tun daga sama har ƙasa. Ƙarfen da ke ƙarƙashi ya fito yana walƙiya har Hajiya ta ga fuskarta a ciki. Hansai ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana tambayar wa ya haihu.

"Fur!" in ji Hansai. "Bayan shekara biyu da ciki!"

Hajiya Kaltumi ta ɓare gefe huɗun ba ta bar wa kowa ba. Ta ninke ledar ta tura a ƙarƙashin tabarma, sannan ta koma ga tukunyar ta murɗe makunnin har sai da ya ƙi gaba. Khaula ta ƙyasta ashana. Wutar ta kama da wani gurnani da ba su ji ba tun safe, har kazar da ke laɓe a baya ta fita a guje.

Khaula ta tura farantin ƙarfen ciki babu komai a kai, don shi ma sai ya yi zafi kafin a ɗora masa burodi. Daidai nan aka kira azahar. Suka yi alwala suka jera a inuwar ɗaki. Khaula ta yi iya ƙoƙarinta ta tsayar da zuciyarta wuri ɗaya, amma tana sallamewa wuyanta ya zarce zuwa rumfa. Allurar ta wuce ɗari biyu da hamsin tana hawa.

Ragowar kwaɓin ya sha zafin rana ya tashi har ya fara faɗawa. Ta buga shi ya sace, ta yanka gida shida, ta mulmula, ta murza kowanne da sandar da ta zo da ita daga Maruwa, ta lulluɓe su da ƙyalle suka huta. Sannan ta buɗe ƙofar. Zafin ya daki fuskarta har sai da ta runtse ido. Ta watsa su kan farantin da sauri ta rufe.

Mata bakwai suka haɗa kai a gaban ɗan gilashin ƙofar.

Da farko ba abin da ya faru. Can sai ƙananan ƙuraje suka fara fitowa a kan na gefen hagu. Ƙurajen suka haɗe suka zama ɗaya, ɗayan ya bazu zuwa baki, sai ga shi gaba ɗaya ya ɗago kamar ana hura masa iska daga ƙasa. Na kusa da shi ya bi. Kafin Hansai ta gama salati, shida sun zama ƙwallaye shida suna rawa a kan ƙarfe.

"La ilaha illallahu," in ji Hajiya Kaltumi. "Numfashi yake yi."

Khaula ta zaro su ta zuba a ƙwarya ta rufe da zane don tururin ya tausasa su. Sai a lokacin ta ji yadda kafaɗunta suka ƙage tun safe, ta ji suna sakewa. Ta yaga guda biyu, tururi ya fito, ta miƙa wa goggonta rabi. Hajiya ta zura hannu a aljihun har wuyan hannu, ta juya shi tana dubawa kamar mai sayen jaka a kasuwa. Hansai kuwa ta kwance ƙullin soyayyen kifin da ta zo da shi don rana, ta ɓarɓasa a cikin nata da yaji, ta gatsa.

"Injiniya," ta ce da cikakken baki, "na janye maganar akuya."

Hajiya Kaltumi ta shiga ɗaka ta fito da fulawarta ta cincin, ta ce a ƙara. Hansai da Ni'imatullahi suka kwaɓa, zafin Garwa ya tayar da shi kafin a gama wanke kwanuka. Murzawa kuwa Khaula ta riƙe. Sau biyu goggonta tana miƙo hannu.

"Kawo in taya ki."

"Bari, Goggo. In kaurin bai zo ɗaya ba, ba zai tashi ba."

Uku da minti ashirin wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a ƙofar gida. Da aka buɗe ƙyauren zaure Khaula ta hango abin da ke bayanta: injin niƙa, yana cikin akwatin katakonsa ko ƙusa ba a cire ba, an ɗaure shi da igiya. Wata ƙungiyar ta riga ta yi bankwana da nata.

Matar da ta shigo doguwa ce, da atamfa da tabarau da babban fayil a hammata. Ta ce sunanta Madam Jeannette.

"Jam na?" ta gaishe su da Fulatanci.

"Jam," suka amsa baki ɗaya.

Hausarta ta kasuwa ce, tana cakuɗa ta da Fulatanci da Faransanci, amma ba ta ɓata kalma. Ta ƙi kujera. Ta zagaya fur ɗin, ta duba lambar da ke bayansa ta gwada da ta takarda, ta buɗe ƙwaryar ta ɗauki burodi ta yaga, ta leƙa aljihun, ta ci. Ta sake gutsura.

"Bon. Wa ya yi?"

Hannaye shida suka nuna Khaula. Madam Jeannette ta tambayi cikakken sunanta, ta bi jerin sunayen da ke fayil da bakin biro daga sama har ƙasa, ta sake bi.

"Ba ki cikin ƙungiya."

"Ina makaranta lokacin da aka yi rajista, Madam. Amma 'yar gidan nan ce ni."

"Na yarda. Amma na sha gani. A ɗauko ma'aikacin gidan burodi na yini ɗaya, in tafi, a mayar da zane. Ba ke aka ba fur ba, su aka ba." Ta nuna ƙwallayen kwaɓi shida da suka rage a tire. "Ga saura. Mademoiselle, ki jira a zaure. Su yi ina gani."

Khaula ta buɗe baki za ta yi bayani da Faransancin jami'a, Madam Jeannette ta ɗaga biro ta nuna mata hanya.

Zauren ya fi rumfar sanyi, amma ba ta ji ba. Ta zauna a kan dakali ta haɗa tafukanta tsakanin gwiwoyi. Tun ƙarfe tara take tsaye a kan matan nan tana gaya musu abin da suka kasa, kuma ko sau ɗaya ba ta bar ɗayarsu ta riƙe sandar murzawa ba. Ba ta ce musu minti nawa ake bari ba. Ba ta ce kada a buɗe ƙofa ba. Ita da ke zagin masu kulle famfo, ta kulle aikin a hannunta ta zauna a kan mabuɗin. In aka ɗora fur ɗin nan a mota yau, ba za ta iya cewa laifin sufurefe ba ne.

Daga ciki ta ji muryar goggonta.

"Ɗauke mini sandar nan, ban saba da ita ba. Ni'ima, miƙo kwalbar can."

Sai ƙarar kwalba a kan katako, gaba da baya, da ɗan tsayawa, da gaba da baya. Khaula ta san wannan ƙarar. Da ita ta tashi a gidan nan duk lokacin da aka kawo aikin dubulan na biki, goggonta tana murza fulawa har sai an ga zanen katako ta cikinta.

"Hansai, naki bakinsa ya fi tsakiya kauri. Sake. Ba waina kike yi ba."

"To Madam Shugaba."

"A rufe su da ƙyalle. Yarinyar nan sai da ta bar su suka huta, ina kallo. Ni'ima, allurar tana ina?"

"Ta wuce ɗari biyu da tamanin."

"Bar ta ta wuce."

Khaula ta ji ƙarar ƙofar fur, ta ji an rufe. Ta fara ƙirga daƙiƙu a zuci, ta ɓata a wajen arba'in.

"Kul kika taɓa ƙofar nan!" Muryar Hajiya ce kuma. "In kika buɗe iskar ta fice. Ki leƙa ta gilashi kamar kowa."

Wani mai moto ya wuce a waje yana hon. Direban farar motar ya ƙara sautin rediyonsa. Khaula ta sunkuyar da kai ta rufe ido.

Guɗar Hansai ce ta fara isowa, sannan tafi, sannan dariyar da ba ta taɓa ji ba, wadda ta gane ta Madam Jeannette ce. Khaula ta ɗago kai. Ta jingina bayanta da bango ta saki numfashi, ta zauna haka tana jin sanyin siminti yana shiga jikinta. A waje direban ya leƙo ya tambaya ko a kwance igiya a ɗora fur ɗin, wata murya daga ciki ta ce masa ya bar igiyarsa inda take.

Da aka kira ta, ta tarar da biyar sun tashi sun cika, na shidan ya ɗago rabi ya tsaya, kuma kowa ya yarda na Hansai ne. Madam Jeannette ta zauna a kujerar da ta ƙi ɗazu, fayil a cinya, tana sa hannu a takarda ta uku. Ta ce a rubuta sunan Khaula a rajista kafin ta dawo, kuma ba za ta faɗi ranar dawowar ba. Ni'imatullahi ta naɗe mata huɗu a takarda don hanya, ta yi godiya da "useko" ta karɓa ba ta yi fulako ba.

Ta rufe biron ta dubi Hajiya Kaltumi ta saman tabarau.

"Hajiya, a ina kika koyi wannan? Ƙungiya goma sha ɗaya na zaga wannan makon, ban ga hannu irin naki ba."

Hajiya Kaltumi ta karkaɗe fulawar da ke zanenta, ta ɗauki maficinta.

"Wane koyo, Madam? Abin ba wuya. Wuta kawai yake so. Matsalar yaran yanzu ke nan, tsoron wuta suke. Tun safe nake fama."

Ni'imatullahi ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Khaula ta ji maganar ta taso mata tun daga ciki, da faranti ukun da lissafin awoyinsu, har ta ja numfashin fara ta. Hansai ta yago rabin burodi mai zafi daga na Hajiya ta danna mata a hannu.

"Ci, Injiniya. Ba ki sa komai a bakinki ba tun safe."

Khaula ta dubi burodin, ta dubi goggonta da ke fifita tana kallon katanga. Ta kai baki ta gatsa. Ya fi nata laushi, kuma bakinsa bai ƙone ba. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta miƙa hannu a ƙara mata.